Gadon Aro

Gadon ya shiga rabi ya tsaya. Kansa na cikin ɗaki, ƙafafunsa na tsakar gida, ya ƙi gaba ya ƙi baya, maza uku sai gumi suke yi suna ɗora wa juna laifi.

"Ku karkata shi hagu!" in ji Baba Masinja daga kan kujerarsa. Tun da aka fara bai taɓa gadon ko da ɗan yatsa ba, amma ya fi kowa haki. "Hagu na ce! Kai, wannan hagun naka a wace makaranta ka koyo shi?"

Tela tana daga ciki, gadon ya tsare mata ƙofa. Ta duba wayarta, tara da rabi. Ƙarfe sha biyu matar ofis za ta zo duba ɗaki, ga shi mai ɗakin ma ba ta da hanyar fita daga cikinsa.

Yau asibiti za su sallami Tsinke, 'yar ƙanwarta marigayiya, yarinya 'yar shekara takwas, bayan kwana goma sha ɗaya da karyayyen hannu. Ubanta ya ce daga bene ta faɗo. Likita ya ɗauki hoton ƙashi, ya ga wata tsohuwar karaya a haƙarƙari da ba wanda ya taɓa kai wa asibiti, ya ɗaga riga ya ga zanen wayar wuta a gadon baya, ya ce lallai wannan benen yana da hannu. Daga nan magana ta koma ofishin kula da yara. Wuri uku ne a gaban yarinyar: ko ta koma gidan ubanta, ko a kai ta gidan marayu na gwamnati, ko ta zo wannan ɗaki guda na Tela da ke ƙarshen gidan haya. Matar ofis ce za ta zaɓa, kuma yau.

Shi ya sa tun shekaranjiya Baba Masinja ya karɓe ragamar gidan. Shekara ashirin da shida ya yi a wancan ofishin yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Bai taɓa buɗe ko guda ba, don karatunsa bai wuce sa hannu ba, kuma shekararsa goma sha biyar da yin ritaya. Duk da haka, kowa a unguwar ya samu matsala da ofishin, ƙofarsa yake fara ƙwanƙwasawa.

"Su ba mutum suke dubawa ba, 'yata," haka ya ce mata. "Kaya suke dubawa. Fom ne mai akwatuna. Gadon yaro shi kaɗai, akwai ko babu. Firij, akwai ko babu. Wurin zaman baƙi, akwai ko babu. In babu ta fi akwai yawa, yarinya ta tafi, ko da kuka kike yi da jini."

Tela kuwa babu ce da ita jere: katifa ɗaya a ƙasa, risho, akwatin kaya, sai keken ɗinki. Sai gidan haya ya tashi tsaye. Mai shago ya ba da firij ɗin da ya mutu tun bara. Matar Direba ta ba da talabijin da labule. Wani ya kawo kujeru biyu masu laushi, wata ta kawo agogon bango da hoton wani ruwa mai gangarowa daga dutse. Gadon kuma, siriri na ƙarfe mai shuɗin fenti, na mai walda ne da ke bakin titi, wanda ya ce a kula masa da shi.

Keken ɗinkin ne dai aka yi rigima a kansa.

"Allura, almakashi, reza," in ji Baba Masinja yana lissafawa da yatsu. "A wurinsu wannan ba sana'a ba ce, ma'ajiyar makamai ce. Fitar da shi."

Shekara goma sha huɗu ita da keken nan suna ɗaki ɗaya, ya fi mijinta na fari daɗewa, kuma ya fi shi amfani. Da aka kinkime shi zuwa ɗakin Matar Direba har da buhun ƙyallayen da ke ƙarƙashinsa, sai da ta juya baya don kada ta gani.

A ƙarshe sai da aka ɓalle ƙyauren kafin gadon ya yarda ya shiga. Aka mayar da ƙyaure a karkace. Da aka gama jera komai, abin da ya rage na fili a ɗakin bai fi faɗin tabarmar salla ba. In za ka je wajen taga sai ka bi a kaikaice, ka gaishe da firij, ka nemi gafarar kujera.

Baba Masinja ya leƙo, ya gyaɗa kai.

"Yanzu kika zama mutum. Saura baki. Abu uku, ki maimaita. Na ɗaya?"

"Kada in yi kuka."

"Don me?"

"Za su rubuta ba ni da ƙarfin zuciya."

"Na biyu?"

"Kada in zagi uban."

"Ko ya cancanta. Na uku, shi ne babba. In ta tambaye ki ko kin san ana dukan yarinyar?"

Tela ta gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

"Ban sani ba," ta ce.

"Ba ki sani ba, ba ki ji ba, ba ki gani ba. Duk wanda ya sani ya yi shiru, shi ma mai laifi ne a wurinsu. Ki ce kin sani, kin miƙa yarinyar da hannunki."

Matsalar ita ce ta sani, kuma ba jiya ta sani ba. Wannan ne ya hana ta cin abinci kwana goma sha ɗaya, ba firij ba.

Sha ɗaya saura kaɗan wayarta ta yi ƙara. Uban yarinyar ne, akawu a wani kamfani, mutumin da ko wajen zubar da shara zai je sai ya goge riga.

"Yaya, ina kwana," ya ce, murya a sanyaye. "Na ji ana ta hidima a gidanku."

"Shara muke yi."

"Allah ya taimaka. Jiya matar ta zo nan. Ta ga ɗakin yarinya, na yi masa sabon fenti, na sa fanka. Yaya, ke kin san ni. Tun da 'yar'uwarki ta rasu ni kaɗai nake fama. In na dawo aiki kaina kamar zai fashe, ita kuma yarinyar nan sai ta tsaya tana kallona da idon uwarta, ba ta magana. Ban ce ban yi kuskure ba. Amma 'yata ce."

Yana kuka, kuma abin haushin shi ne kukan na gaske ne. Tela ta fi son a ce mugu ne tsantsa, da ta huta.

"Na ji," ta ce.

"Kuma Yaya," ya ja hanci, "in ana maganar wa ya yi me, ai ba ni kaɗai nake ganin jikin yarinyar nan ba. Ke kike auna ta."

Ya yi sallama cikin ladabi, har da a gaida mutanen gida. Ta zauna a kan kujerar mutane, ta ƙura wa hoton ruwan mutane ido.

Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi. Baba Masinja ya ce makara alama ce mai kyau. Biyu saura kwata ya ce alama ce mai kyau ƙwarai. Sai biyu da minti ashirin tasi ta tsaya a ƙofar gida, duk wanda ke da ƙafa a gidan hayar ya ga yana da aiki a tsakar gida. Matar Direba ta hau wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Matar ofis gajeriya ce, mai takalmi shafaffe da jaka mai mataccen zif, fayil ya leƙo daga ciki. Fuskarta irin ta wanda bai ci abincin rana ba kuma ya san ba zai ci ba. A bayanta Tsinke ce, hannun hagu cikin farar filasta, rataye a wuya. Tana sanye da riga mai ruwan toka, hannun dama dogo har wuyan hannu, na hagun kuma an datse shi da almakashin asibiti tun daga kafaɗa. Tela ta gane ɗinkinta tun daga nesa.

"Tsinkena," ta ce, ta durƙusa. Ba ta san inda za ta taɓa ba, sai ta riƙe mata gefen riga. "Zo ki ga ɗakinki."

Yarinyar ta bi ta har bakin ƙofa. Ta dubi firij, ta dubi talabijin, ta dubi gado mai sabon zani. Ta dubi kusurwar taga inda kujera ta zauna. Sai ta ja da baya taku ɗaya.

"Shiga mana."

"Ba ɗakin Inna ba ne," ta ce, can ƙasan maƙogwaro.

"Shi ne mana! Gyara shi aka yi. Ga gadonki, ke kaɗai!"

Tsinke ta ƙara ja da baya, ta ɓuya a bayan matar ofis. Matar kuwa ta zaro biro ta yi rubutu a fayil, layi guda. Tela ta ji biron nan kamar a fatarta ake jan sa.

"Baiwar Allah," in ji matar ofis ga Matar Direba, "tun da kwanon ya fita, ki ɗan riƙe min ita ki ba ta ruwa. Za mu yi magana da innarta."

Matar ofis ta shiga a kaikaice, ta buge gwiwa da kujera, ta yi tsaki. Ta tsaya a kan gadon ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗan girgiza ƙarfen wajen ƙafa. Ya yi ƙara, ƙiii.

"A'a, abokin aiki," ta ce wa gadon. "Mun sake haɗuwa? Ya gajiya?"

Tela ta dube ta. "Ranki ya daɗe?"

"Karo na biyar ke nan a bana. A gidan mai wanki kore ne, a layin makaranta an sa masa gidan sauro. Fenti dai yana canzawa, amma kukansa ɗaya ne. Gadon nan ya fi wasu ma'aikatanmu zuwa aiki."

Daga bakin ƙofa Baba Masinja ya yi gyaran murya. "Gadaje suna kama da juna, ranki ya daɗe."

"Sannu Baba. Ai na san aikinka ne, tun daga hoton ruwan nan."

Ta buɗe firij. Baba Masinja ya ce kada a bar shi fayau, don haka an jera ƙwai shida, burodi da gorar ruwa. Sai dai mai shago ya shekara yana ajiye sabulu a ciki. Wata iska mai ɗumi da ƙamshin wanki ta bugi fuskar matar.

"Firij ɗinki ya fi waje zafi," ta ce. "Ki cire ƙwan nan kafin su ƙyanƙyashe."

Ta zauna a kan kujera, ta cire takalmi ɗaya, ta buɗe fom a cinya.

"Sana'a?"

"Ɗinki."

"Ina keken?"

"Ta daina!" in ji Baba Masinja.

"To madalla. Ta daina, da me za ta ciyar da yarinya? Da sabulu?"

Baba Masinja ya sake leƙowa. "Ta ci gaba," ya ce.

"Baba, don girman Allah ja mana ƙofar nan, daga waje."

Ƙyauren ya rufu iya abin da karkatarsa ta bari. Matar ofis ta murza idonta.

"Malama, bari in gaya miki inda muke. Fayil saba'in da uku ne a teburina, ni kaɗai, motar ofis kuma tana gareji tun ina amarya. Jiya na je gidan ubanta. Akwatunan nan da Baba ke tsorata ku da su, duk sun cika tam: ɗakinta daban, gado, fanka, makaranta kusa, albashi duk wata. Uwarsa ta ce za ta dawo gidan ta sa ido. Shugabana yana son irin wannan, don a takarda kyakkyawa ce. Gidan marayu kuma gado arba'in ne, yara sittin da biyu. Ni ban zo ƙirga kujeru ba. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni."

Ta mayar da takalminta.

"Riguna huɗu aka kawo wa yarinyar nan asibiti. Duka masu dogon hannu, cikin wannan zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Duka ɗinkin mutum ɗaya. Kwana tara ba ta ce min uffan ba. Ran na goma na ce rigarki ta yi kyau, wa ya ɗinka? Ta ce Innata. Har da ɗan murmushi. To Malama, kin san ana dukanta?"

A waje Baba Masinja ya fara tari. Tari ne mai tsari, uku-uku, don a tuna doka ta uku.

Tela ta buɗe baki. Amsar tana nan a shirye, kwana biyu tana bitarta, kalma uku ce kacal. Sai ga hannun rigar nan mai ruwan toka a idonta, da yadda ta zauna ta yi masa kalmasa.

"Na sani," ta ce.

Tarin ya tsaya cak.

"Tun yaushe?"

"Shekara guda da wata biyu. Duk Asabar yake kawo min ita. Na zo auna ta, na ɗaga hannunta zan sa tef, ta yi tsalle. Na duba na gani. Na tambaye shi, ya ce taurin kai gare ta, ya ce in riƙa yi mata masu dogon hannu saboda sauro. Sauro! Na san ba sauro ba ne, shi ma ya san na sani." Hawaye ya ɓalle, doka ta ɗaya ta bi ta uku. "Na ce in na yi magana zai hana ta zuwa. Asabar ɗin nan ita kaɗai ta rage min daga ƙanwata. Sai na ɗinka. Har shafi na riƙa sa wa hannun daga ciki, na yadi mai laushi, don kada ya goge mata ciwo. Kin ji irin taimakon da na yi mata. Shi azzalumi ne, Allah ya isa tsakanina da shi, ni kuma telarsa ce."

Doka ta biyu ma ta tafi ke nan. Matar ofis ta bar ta ta yi kukanta, ta miƙa mata gefen labulen Matar Direba ta share fuska.

"Zan rubuta wannan," ta ce.

"Rubuta."

"Zai iya cutar da ke a gaba. Lauyansa zai so shi."

"Ki rubuta, ranki ya daɗe. Na gaji da riƙe shi."

Matar ta yi rubutu mai tsawo. Tana yi tana magana, ba ta ɗago ba.

"Ubanta ya ce bai sani ba. Kakarta ba ta sani ba. Malamar ajinsu ba ta sani ba, maƙwabta ba su ji komai ba, alhali katangarsu kwali ce. Gari guda makafi da kurame. Ke ce ta farko mai ido a fayil ɗin nan, ko da yake matsoraciya ce. Matsoraci ana iya ba shi lambar waya. Makaho ban san abin da zan ba shi ba." Ta juya shafi baya ta nuna layin farko da biro. "Amma ga wannan. Yarinya ta ƙi shiga ɗakin. A gabana aka yi, na rubuta, ba na gogewa. Shugabana in ya karanta wannan layin ba zai karanta na ƙasa ba."

Kafin Tela ta ce wani abu aka banko ƙyaure, ya ƙarasa ɓallewa. Matar Direba ce, kofi a hannu, ido waje.

"Ba na ganinta! Wallahi ruwa kawai na je ɗebowa, na bar ta a kan benci!"

Tela ba ta san lokacin da ta tsallake kujera ba. Ta yi ƙofar gida ba takalmi, zuciyarta na cewa shi ne, ya zo ya ɗauke ta. Titi ba kowa sai direban tasi yana barci. Aka duba banɗaki, aka duba bayan tankin ruwa, aka leƙa rijiyar da aka rufe tun kafin a haifi yarinyar. Baba Masinja yana tsaye a tsakiya yana ba da umarni a duba hagu.

"Ku yi shiru!" in ji Tela.

Aka yi tsit. Daga ɗakin Matar Direba wani sauti ke fitowa, ƙat-ƙat, ƙat-ƙat, a hankali. Ko a kabari Tela ta ji wannan sautin za ta gane shi.

Keken yana bayan ƙofa inda aka jingine shi. A ƙarƙashinsa, tsakanin ƙafafun ƙarfe, Tsinke ta naɗe a kan buhun ƙyallaye, filastar a kan gwiwa, tana danna matakin da hannunta mai lafiya.

"Nan take zama duk Asabar," in ji Tela. "Ina ɗinki tana ƙasa, tana zaɓar min ƙyalle. Wani lokaci a nan take barci, kanta a kan ƙafata. In ya zo ɗaukarta sai na jawo ta."

Matar ofis ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara kusan irin ta gadon.

"'Yan mata, in aka mayar da wannan ɗakin Inna, za ki shiga?"

Tsinke ta dubi Tela, ta dubi matar. Ta gyaɗa kai.

"Da baki nake so, don in rubuta."

"Zan shiga."

Matar ta dafa keken ta miƙe da kyar, ta juya ga taron da ya cika ƙofa.

"To jama'a, an gode da gudummawa. Kowa ya zo ya ɗauki kayansa."

Fitar kayan ta fi shigarsu sauƙi, tun da yanzu ba ƙyaure. Mai shago ya zo da kansa ya tafi da firij, ƙwan na ciki. Aka mayar da keke kusurwar taga, ƙafafunsa suka koma daidai ramukan da suka yi wa siminti. Tsinke ta bi bayansa kamar ɗan akuya, ta shige ƙasa ta ja buhunta. Matar ofis ta sake yin rubutu, ta sa lokaci a gefe.

Maza suka kama gadon, ta ɗaga hannu.

"Shi ya tsaya. Fom yana son gado, ni kuma ba ni na rubuta fom ba. Shugabana zai iya leƙowa ranar Alhamis. Amma ku gaya wa mai walda ranar Litinin ina da ziyara a layin bayanku, wata tsohuwa ce da jikoki biyu, tabarma kawai gare ta. Ya sake fenti."

"Ai dama tsarin ke nan," in ji Baba Masinja ga duk mai saurare. "A cika ɗaki, ta ga an yi ƙoƙari, sannan a rage. Tun zamaninmu haka ake yi."

A kan teburin keken aka sa hannu. Matar ofis ta karanto sharuɗɗan da sauri, kamar mai karanta takardar magani. Riƙo ne na wucin gadi, wata uku, daga nan a koma gaban alƙali, kuma uban yana da damar neman 'yarsa. Zai riƙa ganinta sau biyu a wata, a ofis, a gaban ma'aikaci, kuma sai ya riƙa zuwa wajen mai ba da shawara. Ita matar ofis za ta riƙa faɗowa ba sanarwa. Ga lambarta a bayan takarda. Duk abin da Tela ta gani, ko ƙwarzane ne, ranar za ta kira, ba bayan shekara guda da wata biyu ba.

"Bayan wata ukun fa?" in ji Tela a hankali.

"Ya danganta da alƙalin da aka samu, da lauyan da ya ɗauka, da ko an canza min wurin aiki kafin nan. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ga an mayar da waɗanda suka fi wannan." Ta cusa fayil a jaka. "Ki sa ta a makaranta, ki kai ta asibiti ranar da aka ce, ki ajiye kowace takarda. Kuma ki yi mata riga mai gajeren hannu, ina son in riƙa gani."

Ta tafi ta tashi direban tasi.

Sauran kayan suka ci gaba da fita ɗaya bayan ɗaya. Kujera ta fita, 'yar'uwarta ta bi ta. Mai agogo ta zo ta cire agogonta da hoton ruwanta, ta bar ƙusa biyu a bango. Tsinke na ƙarƙashin keke tana bin kowane abu da ido har ya ɓace. Matar Direba ce ta ƙarshe, ta hau kan gado tana kwance labule.

"Inna," in ji Tsinke.

"Na'am, Tsinkena."

"Duk na mutane ne?"

"Duk na mutane ne. Aro muka yi."

"Gadon ma za a mayar?"

"Ranar Litinin."

Yarinyar ta danna matakin sau ɗaya, ta tsayar da shi.

"Ni yaushe za a mayar da ni?"

Takardar tana hannun Tela, wata uku a rubuce, da hatimi a kai. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko a gaban matar ofis. Ta durƙusa har kanta ya shiga ƙarƙashin keken.

"Ke kin taɓa ganin na ari abu mai kyau na mayar?"

"Wallahi ba ta mayarwa," in ji Matar Direba daga kan gado, labule a kafaɗa. "Turmina shekara uku ke nan. Yau ma don hukuma na tsaye ne muka ga kayanmu."

Tsinke ta dubi Matar Direba, ta dubi Innarta, tana neman inda ƙaryar take. Ba ta yi dariya ba, amma ta gyara kwanciya a kan buhun, ta matsa gefe ta bar wurin ƙafa.

Tela ta ninke takardar huɗu ta tura can ƙuryar aljihun keken, ta zauna. Ta ɗauko zare, ta lasa bakinsa. Sau uku tana kai shi ramin allura hannunta na kaucewa, sai a na huɗu ya shiga.